A Riƙa Tunawa da Leburorin Rake na Moris

Edita,

Ina roƙon fili a jaridarku in ce wani abu kan tsibirin Moris da ke Tekun Indiya. Duk sanda aka ambaci Jam'iyyar Leba ta ƙasar, sunan Seewoosagur Ramgoolam ake kira, domin shi ya karɓi 'yanci daga Birtaniya a 1968. Ban raina masa ba, amma ba shi ya kafa jam'iyyar ba.

Wani likita, Maurice Curé, ne ya kafa ta a 1936, lokacin da masu gonakin rake 'yan asalin Faransa ke juya tsibirin. Leburorin kuwa, yawancinsu jikokin Indiyawan da aka kwaso aikin kwantiragi, ba su da ƙuri'a. A 1937 suka shiga yajin aiki, aka buɗe musu wuta a gonar rake ta Union Flacq. A 1938, da ma'aikatan tashar jiragen ruwa suka bi sahu, gwamnan mulkin mallaka ya kori Emmanuel Anquetil, jagoran 'yan ƙwadago kuma jigo a jam'iyyar, zuwa tsibirin Rodrigues. A 1943 aka harbe wata ma'aikaciyar gonar rake, Anjalay Coopen, a gonar rake ta Belle Vue Harel, tana da juna biyu.

Don Allah, in za ku rubuta tarihin jam'iyyar, ku fara daga waɗannan.

Naku,
Wani tsohon malamin tarihi