A kawo na'urar sikanin zuciya bakin gadon mara lafiya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen agajin gaggawa a nan Sakkwato, kuma kira nake ga Ma'aikatar Lafiya ta jiha da shugabannin asibitocinmu.

Sau da yawa tsakar dare ake kawo mana mai jego tana haki, ƙafafu sun kumbura, jini ya yi ƙasa. Dangi na cewa a yi mata ƙarin ruwa. To, in jini ta zubar, ruwan ceto ne. In kuwa zuciyarta ce ta yi rauni bayan haihuwa, ruwan nan a huhu zai taru, ya ƙarasa ta. Wannan ciwo ba baƙo ba ne gare mu: binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka buga a 2007, ya same shi a kusan mace 1 cikin kowace haihuwa 100.

Da na'urar sikanin zuciya, cikin 'yan mintuna likita zai bambance zubar jini da raunin zuciya, ba tare da an ɗaga ta daga gado ba. Ya shafa jel, ya ɗora kan na'urar a ƙahon zuci, sai gefen hagu na ƙashin ƙirji, sai ƙasan nono. Zuciyar na matsawa da ƙarfi, ko motsi kawai take da ƙyar? Babbar jijiyar da ke mai da jini zuciya ta cika tam, ko ta lafe? Akwai baƙin zobe kewaye da zuciyar? Wannan zoben ruwa ne a jakarta, galibi aikin tarin fuka, kuma in ya matse ta sai an zuƙe da allura nan take. In ɓangaren dama na zuciyar ya buɗe fiye da kima, a yi zargin gudan jini ya toshe jijiyar huhu.

Amma inda nake aiki na'urar tana wani gini, a kulle har safe. Na ga matar da ba ta kai safiyar ba.

Yanzu akwai ƙananan na'urorin sikanin da ake jonawa da wayar hannu, irin su Butterfly da Lumify, masu aiki da batir ko babu wuta. A saya, a ajiye a sashen gaggawa na Asibitin Ƙwararru da manyan asibitocin Tambuwal, Gwadabawa da Illela. Sannan likitocin zuciya su horar da likitocin da ke kwana bakin aiki, su riƙa duba hotunansu, don na'ura a hannun wanda bai iya ba ɓatar da shi za ta yi.

Wassalam.

Wata ma'aikaciyar jinya,
Sakkwato.