Wasiƙa daga Kwari zuwa Guangzhou

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ya baƙunta, ya mutanen Chaina? Saƙonka na murya ya iso, har da tsiyar da ka yi mini wai na koma ɗan boko bayan furfura ta fara leƙowa a gemu. Da gangan na ƙi ba ka amsa a WhatsApp, don zancen ya fi ƙarfin minti biyu. Yau Lahadi, an tashe mu da wuri, shi ya sa na ce bari in zauna in ba ka labarin karatun MBA ɗin nan, wato digiri na biyu kan tafiyar da kasuwanci.

Litinin zuwa Alhamis ina shago kamar yadda ka bar ni. Daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi kuwa ina aji. Ɗaurin aure uku na rasa a wata biyu, har kawu ya aiko a tambaya ko laifi aka yi mini. Da dare ni da babbar 'yata tabarma ɗaya muke hawa, ita da aikin gidanta na aji biyar, ni da nawa, kuma sau da yawa ita ke riga ni gamawa. Maman yara ta ce ta yi kishiya, sunanta kwamfuta.

Ajin namu taron dangi ne. Akwai ma'aikatan banki masu neman ƙarin girma, akwai likita, akwai jami'in kwastan (shi nake fara gaisarwa kullum, ka san dalili), akwai wani Ibo mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari wanda Hausarsa ta fi ta wasu 'yan birni, sai wata Hajiya mai kamfanin sarrafa shinkafa. An raba mu rukuni-rukuni, mu bakwai a namu, amma huɗu ne ke aikin. Akwai wani bawan Allah da ba ma ganinsa sai ranar gabatarwa, ya shigo da babbar riga yana ƙamshi, ya tsaya a gaban majigi kamar shi ya kwana yana haɗawa. Mun bar shi da halinsa, don shi ke sayen tsire in an tashi.

Zangon farko na sha wuya. Rabona da lissafi irin na takarda tun jarrabawar WAEC, sai ga ni gaban ƙididdiga da lissafin akanta. Abin da ya riƙe ni shi ne salon koyarwar wasu malaman. Za a ba ku tarihin wani kamfani na gaske, shafi goma ko ashirin, a ce ku karanta ku zo, sannan malami ya nuna ka ya ce da kai ne shugaban, me za ka yi? Jami'ar Harvard ta Amurka ce ta yayata wannan salo. Makarantar kasuwancinta tun 1908 take, kuma daga masu koyar da shari'a aka aro dabarar, inda ake horar da ɗalibi da ƙararrakin da aka riga aka yanke wa hukunci.

Ranar da muka yi Kodak, kamfanin kyamara da fim na Amurka, ba zan manta ba. Injiniyansu ne ya ƙera kyamarar dijital a 1975, amma suka yi ta jan ƙafa saboda kada ta kashe musu cinikin fim, har suka durƙushe a 2012. Ana cikin haka Hajiya mai shinkafa ta ce me ya kai mu Amurka, ga masaƙun Kakuri a Kaduna da aka fara tun 1957, ga na Sharaɗa da Bompai da Challawa, yawancinsu sun zama kufai. Sai ajin nan kaf ya juyo kaina, ni mai shigo da atamfar Chaina. Kai ma ka sha zagi a ranar, ba da suna ba. Na ce su fara tambayar wutar lantarki da baƙin mai kafin su zo kanmu, don mai saye ba ya duba tuta, farashin turmi yake tambaya. Likita ya ce wannan amsar ɓarawon da ya tarar da ƙofa a buɗe ce. Aka yi dariya, amma maganar ta bi ni har gida.

Darasin sarrafa kuɗi shi ma ya tayar da ƙura. Malami ya ce naira dubu ta yau ta fi naira dubu ta baɗi, kuma da kuɗin ruwa ake auna bambancin. Wani ustazu a cikinmu ya ce shi ba da shi ba. Malamin bai yi fushi ba, ya ce mu duba bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012 ba tare da kuɗin ruwa ba, da sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, na naira biliyan 100 da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 don gina hanyoyi, mu ga yadda su suke lissafin lokaci. Da aka zo kan murabaha sai na ga ai abin gidanmu ne: farashin kuɗi hannu daban, farashin bashi daban, kuma an yi ittifaƙi tun kafin a ɗaga kaya.

To ga babban labarin. An ce kowa ya kawo lissafin kasuwancin gaske, sai na ɗauki na shagonmu. Na kwana uku ina zuba tsofaffin littattafan Baba a Excel. Lissafi ya nuna a 2023 da 2024 mun ci ribar da ba mu taɓa ci ba. Sai malami ya tambaye ni da wane farashi na lissafa kayan da muka sayar, wanda muka saro su ko wanda za mu sake sarowa? Nan gumi ya karyo mini. Kai ka fi ni sani, kafin a saki naira a Yunin 2023 dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Mun sayar da tsohon kaya da riba a takarda, amma kuɗin ba su isa sake cika rumbun ba.

Na garzaya wajen Baba da kwamfuta a hammata, ina jin na zo da sabon ilimi. Ya saurare ni har na gama, yana jan carbi. Sai ya ce, dila nawa ke sito kafin a cire tallafin mai? Na faɗa. Ya ce yanzu fa? Na faɗa. Ya ce to shi tun 1986, zamanin SAP, shirin gyaran tattalin arziki na Babangida, ya daina ƙirga dukiya da naira, da dila yake ƙirgawa, kuma ya san mun rame tun kafin in kunna na'urata. Ya tambaye ni nawa na biya makaranta aka gaya mini wannan. Ban amsa ba.

Sai dai ban tashi a banza ba. Akwai shafin da na jera bashin da muke bi, kowanne da watannin da ya yi a waje. Baba ya san kowane mai bashi da ubansa da garinsu, amma bai taɓa ganin jimillar a wuri ɗaya ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na jarinmu yana hannun mutane, mafi yawa abokan cinikinmu na Maraɗi da Damagaram da rufe iyaka ya tsare daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024. Mutanen kirki ne, suna biya, amma nairar da suka karɓi kaya da ita ba ita suke dawowa da ita ba. Ya daɗe yana kallon shafin, ya sa na ƙara girman rubutun. Bai ce na yi daidai ba, ka san shi. Washegari dai na ji yana gaya wa yaron shago kada a ƙara ba da kaya sama da wata biyu sai an gaya masa. Abin da ya ƙi ko saurare shi ne a yanka masa albashi a daina ɗibar kuɗin cefane daga aljihun shago. Ya ce ba a yi ɗan da zai biya shi albashi a rumfarsa ba.

Kundin kammalawa nake son in rubuta kan abin da ke faruwa da shagunan Kwari in mai su ya rasu aka raba gado, yadda rumfa ɗaya ke komawa biyar, a shekara uku a nemi uku a rasa. Ban gaya wa Baba taken ba tukuna, ina neman bakin da zan faɗa da shi.

Don Allah ka aiko mini da farashin kwantena na wannan watan da kwanakin da take yi kafin ta iso tashar jiragen ruwa ta Apapa, ina da gabatarwa ranar Asabar kuma ba na son in yi ƙiyasi a gaban jami'in kwastan. Shaddar da ka turo hotonta, ruwan tokar ta fi tafiya, ka rage farar. Baba yana gaishe ka, ya ce ka kira shi da kanka. Ka gaida mutanen masallacin Juma'arku.

Wassalam,
naka, abokinka na Kwari