A Fayyace wa Masu Sauraro Matsayin Rigakafin Sankarar Mama

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa, na rubuto ne game da rahoton da kuka kawo a shirinku na lafiya kan rigakafin DNA na sankarar mama, domin yadda aka taƙaita shi zai iya sa mace ta zaci allurar ta kusa isowa asibitin garinsu.

Rigakafin DNA ɗan guntun saƙon halitta ne da ake sa wa mutum ta allura, sai jikinsa ya ƙera wani furotin da ƙarin sankarar (wato ƙullutun) ke ɗauke da shi, kamar HER2 wanda ke yin yawa a jikin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na masu cutar, domin garkuwar jiki ta shaida shi ta far masa. Wahalar ita ce garkuwar ta saba da HER2, tunda ɗan gida ne da jiki ke ƙerawa da kansa, kuma DNA kaɗai ba ta cika zaburar da ita ba.

Shi ya sa masana suka juya ga furotin irin su HSP70 da gp96, waɗanda jiki ke yawaita su idan zafi ko wata wahala ta same shi. Tun a shekarun 1980 wani masanin garkuwar jiki, Pramod Srivastava, ya nuna cewa gp96 da aka ciro daga ƙarin ɓera yana kare ɓeraye daga wannan ƙarin, saboda yana riƙe da gutsattsarin furotin na ƙarin, yana kai su ga ƙwayoyin da ke horar da sojojin garkuwa. Da aka haɗa saƙon HSP70 da na HER2 a allura ɗaya, garkuwar ɓeraye ta ƙara ƙarfi, girman ƙarin kuma ya ragu. Dabara ce mai kyau, ina kuma fatan ta yi nasara.

Sai dai ɓera daban, mutum daban. Wani rigakafi mai suna Oncophage, wanda aka gina kan gp96, ya samu amincewa a Rasha a 2008 don sankarar ƙoda, amma babban gwajinsa bai kai ga abin da aka sa rai ba.

Ina roƙon ku gayyato likitan sankara ya bayyana cewa akasarin wannan bincike neman magani ne ga waɗanda cutar ta riga ta kama, kuma ba shi ne rigakafin ƙwayar cutar HPV da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata a 2023 don sankarar bakin mahaifa ba. Ya kuma jaddada cewa duk wadda ta ji ƙullutu a mamanta ta je asibiti a duba ta ba tare da jiran wata allura ba.

Mai sauraronku,
daga Zariya