A Riƙa Tunawa Da Ƙwallon Mata Mana

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili. Kullum shafinku na wasanni Ronaldo ne da Messi, haka ma gidajen kallon ƙwallo a nan Jos musun kenan dare da rana, alhali wadda ta fi kowa ci wa ƙasarta ƙwallaye a duniya, maza da mata, mace ce ƴar Kanada, Christine Sinclair. Ƙwallo 190 fa! An haife ta 1983 a Burnaby, ta fara buga wa ƙasarta tun 2000 tana ƴar shekara 16, ta je gasar kofin duniya har sau shida, ta ci zinare a Olamfik na Tokiyo, ga kofunan da ta ɗaga da Portland Thorns a Amurka.

Kuma ita ce fa golarmu Chiamaka Nnadozie ta tare wa fenariti a gasar kofin duniya ta 2023 a Ostareliya aka tashi canjaras babu ci, da ta shiga da Sinclair ta zama ta farko da ta ci ƙwallo a gasar kofin duniya shida daban-daban, amma wallahi mutane da yawa a unguwarmu ba su ma san girman wadda aka hana ba. Ƙarshen shekarar ta yi ritaya daga buga wa Kanada.

Ku ɗan ware wa Super Falcons da irinsu Sinclair ko rabin shafi ne duk mako.

Naku,
Mai karatu daga Anguwan Rogo, Jos