Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi: Kurtun Harsashi da Cijewar Tsofaffin Bindigogin .22

Assalamu alaikum 'yan'uwa mambobi. Wannan shi ne rahoton kwamitin kula da kayan harbi na ƙungiyarmu ta masu wasan harbin bara a Katsina. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, zai karanta shi a babban taro.

Mun buɗe shekara da duba takardu. A Dokar Makamai ta 1959, irin bindigar da muke wasa da ita tana cikin waɗanda sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda ake riƙewa, don haka wanda lasisinsa ya ƙare ba mu bari ya hau layin harbi ba sai da ya sabunta. An kuma ƙara tudun ƙasar da ke bayan allon bara, wanda damina ta zaftare.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne koken cijewa. Yawancin bindigogin mambobi tsofaffi ne masu ɗura kansu: Ruger 10/22 da ta fito a 1964 mai kurtu (gidan da ake jera harsasai a ciki) mai juyawa na harsashi 10, Marlin 60 ta 1960 mai bututun harsashi a ƙarƙashin baki, da Browning SA-22 wadda ake ɗurawa ta cikin ƙota. Dukkansu ƙarfin tashin harsashi ne ke tura sakata (ƙarfen da ke cusa harsashi ya rufe bayansa) baya, ta fid da kwanso, sifirin ya mayar da ita, ta kwaso na gaba. Ƙarfin harsashin .22 (mai kaurin kusan inci 0.22) kaɗan ne, abu ƙanƙani ya isa ya hana wannan zagaye cika. Abin da zaman dubawa ya nuna mana shi ne, galibi bindigar lafiyarta ƙalau; laifin na kurtu ne ko na dauɗa.

Shigar kurtu ramin bindiga ba ita ce dacewa ba. Kurtu biyu na iya kama da juna a ido, har na kamfani ɗaya, amma tsagin da maƙalli ke kamawa ya bambanta da abin da bai kai milimita ɗaya ba. Idan ya zauna ƙasa, sakata za ta bi ta kan harsashi ta rufe a kan makwanci (ramin da harsashi ke zama kafin a harba) fanko, ko ta dafe cikin kwanson ta lotsa shi. Idan ya hau sama, ƙasan sakata zai riƙa gogar leɓɓansa (gefunan bakin kurtu da ke riƙe harsashi), ta rasa gudu, ta tsaya rabin hanya. Na jabu na roba sun fi ba mu wahala, domin leɓɓansu na cinyewa da wuri, alhali ainihin kurtun Ruger leɓɓansa na ƙarfe ne. Bindigar Remington 597 kuwa kamfanin da kansa ya sauya fasalin kurtunta fiye da sau ɗaya, na farkon su ne aka fi kuka da su.

Hanyar da muka bi wajen gano mai laifi ba ta da wuya. Kowane kurtu an rubuta masa lamba a gindi. Ana harba cikinsa da harsashi iri ɗaya, a rubuta a na nawa aka cije. Sai a sa kurtun a wata bindigar irinta. In cijewar ta bi kurtu, an gane. In ta tsaya a bindiga, sai a koma kanta. Cijewa a na ƙarshe ko biyun ƙarshe alamar sifirin kurtun ya gaji ne. Cijewa a na farko kuwa yawanci an danƙara fiye da kima, ko dauɗa ta riƙe abin da ke turo harsashin sama.

Akwai wanda hannun mai ɗurawa ke jawowa. Harsashin .22 yana da zobe a gindi, a cikinsa maganin tashin yake. A kurtu miƙaƙƙe dole zoben na sama ya zauna a gaban zoben na ƙasa. In ya faɗa bayansa, sun sarƙe, sakata ba za ta iya zare shi ba. A riƙa tura kowane ɗaya har bayansa ya taɓa bango kafin a ɗora wani.

Yanayinmu ma yana da hannu. Dalmar harsashin tana da kaki a jiki. Zafin bazara na narkar da shi, musamman in an bar kwali a cikin mota, ƙurar hunturu ta hau kai, baƙin albarushi ya haɗu da su, su zama kamar kwalta. Wasu kuma suna ɗura mai a kurtu da nufin ya yi santsi, nan ne ƙura ke samun wurin zama. Kurtu a bushe ake barinsa: a kwance shi, a goge da buroshi da tsumma, a mayar. Mai kwance na Ruger ya lura da yadda sifirin yake a naɗe kafin ya sassauta noti, don in naɗin ya ragu harsashi ba zai taso da sauri ba. A jikin sakata ɗigo biyu na mai sun isa.

A ɓangaren bindiga, wuri uku muka duba. Makwancin harsashi yana tara zoben dalma da baƙi. A goge shi da buroshin tagulla, a haska tocila a gani. Ƙugiyar fid da kwanso, idan bakinta ya dakushe ko dauɗa ta cika tsaginta, kwanso kan maƙale a tsaye a bakin tagar da yake fita. Na uku ya fi ba mu takaici, domin da hannu ake jawo shi: jan kunama babu harsashi. A wasu tsofaffin, allurar bugu kan sari gefen makwanci ta tayar da ƙarfe, daga nan shiga da fita duk su gagara. Wannan aikin ƙwararren mai gyara ne. Muna roƙon mambobi su daina kai magagari da filaya kan leɓɓan kurtu, abin da aka kankare ba ya dawowa.

Harsashi kuma a tsaya kan .22 LR (Long Rifle). Nau'in Short da Long, masu ƙarancin ƙarfi, ba sa tura sakatar waɗannan bindigogi. Mai dalma mai nauyin giren 40 (kusan giram 2.6) da zagayayyen kai ya fi bin hanya fiye da mai rami a kai, kuma bindigar da ke gardama da mai matsakaicin gudu, kusan mita 330 a daƙiƙa, takan daidaita da mai gudun kusan 380.

Dokar layi tana nan. In an ja kunama bai tashi ba, bakin bindiga na kallon allon bara, a jira daƙiƙa 30, a cire kurtu, sannan a ja sakata a duba makwanci da ido. Kada a buga sakata da hannu don ta rufe a kan harsashin da ya ƙi shiga, zoben gindinsa na iya fashewa a waje. Tabarau dole ne ga kowa.

A shekara mai zuwa za a yi babban zaman wanke kurtu kafin hunturu ya kankama, da wani a farkon damina saboda tsatsa. Sabon kurtu a saya ta hannun dila mai lasisi kaɗai, a kawo wa kwamiti ya gwada ya sa masa lamba kafin ya hau layi. A gida kuma bindiga a kulle, kurtu da harsashi a kulle a wani wuri daban. Mai koke ya rubuto wa sakatare tare da lambar kurtun da sunan harsashin da ya yi amfani da shi.