Saura Sati Bakwai Bikin Ƙanwata, Na Tsinci Ƙwaya A Jakar Lallenta

Assalamu alaikum Anti,

Ina gaishe ki da aiki, Allah ya saka miki da alheri bisa yadda kike sauraron matsalolin mutane ba tare da gajiyawa ba. Don Allah idan za ki karanta wannan wasiƙa a fili kada a faɗi sunana. A ce kawai wata ce daga Kaduna.

Ni malamar sakandare ce, shekarata 34, da aurena da 'ya'ya uku. Maganar autarmu ce ta kawo ni. Shekararta 23. Ummanmu ta rasu shekara shida da suka wuce, tun daga lokacin ni ce uwa ni ce yaya a wurinta. Babanmu tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, tun da masaƙun suka durƙushe ya koma 'yar tireda a ƙofar gida, ga hawan jini yana fama da shi. Yarinyar nan sana'arta lalle da kwalliyar amare, kuma Allah ya ba ta hannu, har daga Unguwar Rimi da Malali ake aiko mota a ɗauke ta. An sa ranar aurenta, an kawo lefe, saura sati bakwai cif.

Sati uku da suka wuce na je gida in taya ta haɗa kayan kicin da muka sayo a kasuwar Sheikh Gumi. Ina neman almakashi in yanke igiyar kwali sai na buɗe jakar lallenta. A can ƙasa, ƙarƙashin ledojin lalle da kwalbar mahallabiya, na ci karo da kati huɗu na tiramol, an rubuta 225 ɓaro-ɓaro a jikinsu. Gefe guda ga wasu ƙananan ƙwayoyi a nannaɗe cikin tishu, irin masu sa barcin nan da yara ke kira roci. Sai gorar lemo da saura kaɗan a ciki, na buɗe na shinshina, warin maganin tari ya bugi hancina. Anti, zama na yi a ƙasa daɓas, almakashin ma na manta da shi.

A nan zaune abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na ga harshenta ya yi shuɗi na tambaye ta, ta ce alawa ta sha. Barcin da take yi har azahar, muna cewa gajiyar biki ce. Uwa uba faɗuwar da ta yi bara a tsakar gida tana wanki, jikinta yana ta fizga, kumfa na fita a bakinta. Gwaggonmu ta ce iska ce, mutanen ɓoye ne suka shafe ta saboda yawan shiga gidajen biki da magariba. Kwana uku ana ruƙiyya ana turara mata hayaƙi, ni ce ma na biya kuɗin man zaitun. Sai yanzu na san cewa yawan tiramol yana kawo irin wannan fizgar mai kama da farfaɗiya. Wanda hukuma ta amince a sayar a ƙasar nan mai 50 ne da mai 100, shi ma da takardar likita. Mai 225 ɗin nan ta ɓarauniyar hanya ake shigo da shi.

Abin da ya fi cin raina shi ne, a makarantarmu ni ce ke kula da ƙungiyar ɗalibai masu yaƙi da shaye-shaye. Ni ce nake tsayawa gaban allo ina rubuta musu alƙaluman binciken nan da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019. Na haddace su kamar karatun allo: mutum miliyan 14.3 tsakanin shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda, miliyan 10.6 wiwi; miliyan 4.6 irin su tiramol, miliyan 2.4 maganin tari mai kodin. Har nakan yi ɗan alfahari in ce musu shiyyarmu ta Arewa maso Yamma kashi 12 ce cikin ɗari, Kudu maso Yamma ta haura kashi 22. Akwai layi ɗaya da nake karantawa in wuce da sauri: a cikin duk mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce, kuma a maganin tari mata ba su bar wa maza komai ba. A zuciyata nakan ce ai matan bariki ake nufi. Ashe ta huɗun nan a ɗakin Ummata take kwana.

Da daddare na kulle ƙofa na zube mata kayan a kan katifa. Ba ta yi musu ba. Ta durƙusa ta riƙe ƙafata tana cewa, "Yaya, ki rufa min asiri, Allah ya rufa naki. Wallahi ba don maye na fara ba." Ta ce lokacin da ta fara karɓar aikin amare, takan sunkuya tun hantsi har bayan isha'i tana zana wa amarya da ƙawayenta goma sha, bayanta kamar zai tsage. Wata abokiyar sana'arta ta miƙa mata ƙwaya ɗaya ta ce, "Sha ki ga aiki." Ta sha, ta ga aiki kuwa. Daga rabi ta koma ɗaya, daga ɗaya ta koma uku. Da tiramol ya hana ta barci sai aka nuna mata roci. Shi kuma maganin tarin a ɗakin amare ta koya, inda ake zuba shi a gorar lemo ana zagayawa da shi tsakanin ƙawaye, iyaye na tsakar gida suna guɗa. Na ce mata ba an hana kodin ba tun 2018, bayan binciken nan na BBC da ya tona asirin masu sayar da shi? Ta yi wani murmushi da bai kai ciki ba, ta ce, "Yaya, hanawar tsada kawai ta ƙara masa. Kwalba yanzu ta 'ya'yan masu kuɗi ce, mu talakawa ƙwaya muke sha."

Maganar nan tata ta tsaya mini a rai, domin abin da nake gani a makaranta ke nan ban fassara shi ba. Mu a nan mun iya nuna masu giya da yatsa. Idan an yi zancen barasar leda da hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta ce ta haramta a farkon 2024, sai mu ce wannan matsalar wasu ce. Alhali namu mayen yana cikin jakar hannu da aljihun kaftani, ba ya wari, ba ya sa tangaɗi sosai, mutum zai sha ya shiga sahu ya yi salla kusa da kai. Taba ma haka. A wani bincike da aka yi a ƙasar nan a 2012 kusan namiji ɗaya cikin goma ne ke ta'ammali da ita, mata kuwa kusan ɗaya cikin ɗari, don a al'adarmu mace da karan sigari abin kunya ne. Yanzu an kawo shisha mai ƙamshin tuffa da na'ana'a, yarinyar da ba za ta taɓa riƙe sigari ba sai ta zauna tana busa hayaƙi tana ɗaukar hoto, wai ai ba taba ba ce. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, ta hana sayar da kara ɗai-ɗai, amma ki tsaya wurin mai shayin bakin makarantarmu minti goma ki sha kallo. Ki yi haƙuri Anti, na yi nisa, bari in dawo kan tawa.

Na yi abin da nake ganin kowace yaya za ta yi. Na kwashe kayan duka, na ce wa maigidana ƙanwata ba ta da lafiya, na dawo da ita gidana. Ranar farko hamma take ta yi, hanci na zuba, hawaye na zuba. Rana ta biyu gumi da rawar sanyi da gudawa, ga ƙafafunta sun ƙi tsayawa wuri ɗaya, tana ta murza su a katifa tana cewa ƙasusuwanta ake sara. Dare na uku, wajen ƙarfe biyu, na same ta a kicin ta haɗa kai da bango tana bugawa a hankali don kada yara su ji. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Yaya, ko rabi ne." Anti, ni da ke koyar da 'ya'yan mutane illar ƙwaya, ni da hannuna na ɓallo ɗaya na ba ta, na miƙa mata ruwa. Kafin a kira assalatu ta yi barci. Ni ce ban runtsa ba. Tun daga ranar kullum ni nake ba ta, ina ragewa da ka, ba tare da sanin ko daidai nake yi ko kashe ta nake yi a hankali ba. Daga baya na ji cewa irin su roci yanke su kwatsam ma haɗari ne, yana iya jawo fizga.

Yanzu gaba kura baya sayaki. Idan na faɗa wa Baba, ko dai jininsa ya hau ya faɗi, ko kuma ya ce a kai ta gidan mari, don a wurinsa maganin ɗan ƙwaya ke nan. Ni kuwa ban manta da watan Satumbar 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da sasari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Ba zan iya kai 'yar Ummata irin wannan wuri ba ko da an ce na mata daban ne.

Na san akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, kuma suna duba masu shaye-shaye. Na san gwamnatin jiha ta kafa hukuma musamman don wannan matsala, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ma na ji suna cewa suna ba da shawara ba kamu kaɗai ba. Amma kin san garinmu. Amarya ta taka Barnawa sau ɗaya, wani ɗan keke ya gan ta, kafin la'asar labari ya kai gidan surukai cewa mahaukaciya za a kawo musu. Ita kanta da na ambata mata asibitin cewa ta yi gara ta mutu. Ina jin abin da ke hana mata zuwa neman magani ke nan: namiji idan ya sha ya daina sai a ce ya shiryu, a ba shi mata har da addu'a, mace kuwa sunan ya bi ta har jikokinta.

Sai babbar maganar, wato yaron da zai aure ta. Yaron kirki ne, ma'aikaci, ya shekara biyu yana tara kuɗin nan, ko goro ba ya ci. Duk zuwansa sai ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni yana "Yaya, mun gode da riƙo." Kalmar nan tana sukata kamar allura. A Islamiyya an koya mana cewa wanda ya rufa asirin musulmi Allah zai rufa nasa, an kuma koya mana cewa wanda ya yi algus ba ya cikinmu. To ni a wanne layi nake? Idan na yi shiru aka ɗaura, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, wata ɗaya ba za a yi ba zai gane, kuma idan ciki ya shiga tana kan shan abin nan fa? Idan na faɗa, mahaifiyarsa mace ce mai zafi, akwatunan nan ranar za su koma, ƙanwata kuma ta ce idan aka fasa auren ba ta san abin da za ta yi wa kanta ba. Wannan furucin nata shi ya sa ba na barin ta ita kaɗai a gida. Ita tana rantsuwa wai da ta shiga ɗakinta ta bar yawon lalle za ta daina. Na so in yarda da ita, amma na ga dare na uku da idona.

Akwai kuma mai kemis ɗin da ke ba ta. A layinmu yake, sahun gaba yake salla tare da Baba, shi ya yi mana allurar Umma lokacin jinyarta. Ya san yarinyar tun tana rarrafe. Ran da na wuce ta gaban shagonsa ya ce "Malama ina gajiya, ya shirin biki?" sai da na ji kamar in kwashe shi da mari. Idan na kai ƙararsa zai san daga inda ta fito, kuma bakinsa ba zai yi shiru ba. Idan na ƙyale shi, 'ya'yan wasu yake ci gaba da ba wa, wataƙila har da ɗalibaina.

Anti, ki ba ni shawara tsakaninki da Allah. Shin in nemi a ɗaga bikin, kuma da wane dalili zan tunkari Baba da dangin ango ba tare da na yi ƙarya ba? Shin haƙƙin yaron nan ne ya sani kafin ɗaurin aure, kuma idan haka ne, ni zan faɗa masa ko ita zan tilasta ta faɗa da bakinta? Akwai hanyar da likita zai duba ta a asirce, tana zuwa tana dawowa gida, ba sai an kwantar da ita ba? Sannan wannan ragewar da nake yi mata da ka, in ci gaba kafin mu ga likita ko in tsaya? Maigidana ma har yau zazzaɓi na ce masa, ya fara tambayata wane irin zazzaɓi ne ba a zuwa asibiti.

Jiya Gwaggo ta kira ta ce ranar Asabar mai gyaran jiki za ta fara zuwa, a mayar da amarya gida. Idan ta koma, shagon nan taku ashirin ne daga ƙofarmu. Ragowar katin suna cikin jakata, tare da littattafan ɗalibai nake yawo da su. Don Allah idan da hali ki amsa mini kafin Asabar.

Taki,
Yayar amarya, Kaduna