Godiya ga Hajiya Mai Abinci da Ma'aikatanta na Bayan Titin Ahmadu Bello, Kaduna

Assalamu alaikum Hajiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyali da duk masu taya ku aiki. Mu da muka haɗu a kan wannan takarda masu cin abinci ne a wurinku. Cikinmu akwai 'yan kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, akwai ma'aikatan ofis, akwai tsofaffin duba-gari, akwai kuma matan da girkin biki ne sana'arsu. Da baki muke yi muku sannu kullum, amma mun ga ya kamata a rubuta ta inda kowa zai gani, domin yabon gwani ya zama dole, kuma mai niyyar buɗe gidan abinci a garin nan ya san abin da ake yabawa.

Abin da ya fi komai sa muka ɗauki alƙalami shi ne kalmar da kuke faɗa wa mai saye ba tare da jin nauyi ba: "ya ƙare." Ƙarfe uku da rabi mutum zai shigo ya nemi tuwon shinkafa miyar taushe, a ce masa taushe ta ƙare, sai kuka ko kuɓewa. Wanda bai san madafa ba zai ɗauka gazawa ce. Wanda ya sani kuwa ya gane cewa ba a tsinka miyar da ruwan zafi da dunƙulen magi don ta kai yamma ba, ba a kuma juye ragowar jiya cikin ta yau ba. Gidan abincin da komai yake samuwa a cikinsa daga safe har sha ɗayan dare, alhali wuta ba ta tsayawa kuma babu babban janareto, mai hankali ya kamata ya tambayi kansa ina abincin yake kwana.

Shinkafa ita ce inda aka fi cutar mutane ba da gangan ba. Akwai ƙwayar cuta da ke zuwa tare da ɗanyar shinkafa, wadda tafasa ba ta kashe ƙwanta. Idan aka sauke tukunya aka bar ta tana hucewa a hankali, sai ƙwan ya farfaɗo ya hayayyafa, ya zuba dafi a cikin abincin, kuma wannan dafin ɗumame ba ya karya shi. Shi ne za ka ga mutum ya ci dafa-duka da azahar, kafin magariba amai ya kama shi, a ce maiƙo ne ya yi masa yawa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a nan a fili take: dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye a sarari, mai zafi a riƙe shi sama da digiri 60, mai sanyi ƙasa da digiri 5. A Kaduna, watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 35, ko awa biyun ma da ƙyar.

Ku kuma ga yadda kuke yi. Ba kwa dafa shinkafar yini a tukunya ɗaya da safe. Kashi uku kuke raba ta. Ta farko tana sauka wajen sha ɗaya da rabi saboda masu fitowa da wuri, ta biyu, wadda ita ce babba, tana sauka daidai lokacin da ake sallame Azahar, ta uku ƙarama ce ta bayan La'asar. Kowace da zafinta take shiga kula, kular kuma an riga an ɗauraye ta da tafasasshen ruwa, domin kula mai sanyi tana zuƙe zafin abinci tun kafin a rufe ta. Ba a buɗe kula biyu a lokaci guda, sai ta gaba ta ƙare ake taɓa ta baya. Ba a kuma zuba sabuwar shinkafa a kan guntun tsohuwa, wanda shi ne kuskuren da ya fi yawa a wurare da dama: na ƙasan kula yakan yini a nan, ana ta yi masa ƙari a ka, har ya fara yauƙi. Wannan tsari yana cin gawayi da gas fiye da girki sau ɗaya, mun sani, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin dakon kowane buhu da kowane kwando ya tashi. Duk da haka ba ku sauya ba. Allah ya saka da alheri.

Tuwonku ma abin a tsaya a kansa ne. Shinkafar tuwo ta gida kuke saye, fara, wadda ba a turara ba, saboda turararriya ba ta haɗe jikinta komai tuƙi. Ana tsince ta, a rege tsakuwa, a jiƙa ta, sannan a zuba a tafasasshen ruwa, awo ɗaya na shinkafa ruwa awo uku zuwa huɗu gwargwadon tsufanta, don sabuwar shinkafa ba ta shan ruwa kamar wadda ta kwana biyu a rumbu. Sai ta dahu luguf ruwan ya tsotse ake sa muciya. Wanda ya yi gaggawar tuƙawa tuwonsa zai fito da tsaki-tsaki, wanda ya cika ruwa kuma sai ya koma ɗaure shi da garin rogo, shi ne tuwon da ke sheƙi a ido amma ya zauna wa mutum a ƙirji. Bayan tuƙin farko kuna rufe shi ya sulala a kan wuta kaɗan, a sake tuƙawa, sannan a kwashe da mara. Malmalarku girmanta ɗaya ne, ko Hajiya ce ta kwashe ko yarinya, kuma da farashi ya tashi ba ku rage ta a ɓoye ba. Kuɗin kuka ƙara, kuka rubuta a allon da ke jikin bango kowa ya gani.

Miyar kuka ba ta yafe wa mai ganganci. Romon nama da daddawa da albasa da attarugu sai sun dahu sosai har gafin daddawar ya fita, sannan a rage wuta a riƙa barbaɗa kuka ana kaɗawa da maburgi. Aka zuba ta gaba ɗaya, gudaji. Aka bar ta tana zaɓalɓala a wuta mai ƙarfi, ta yi baƙi ta kama ƙasan tukunya. Taku koriya take isowa, da kaurin da zai kama loma, man shanu kuma a gefe yake ga mai so. Kuɓewa ɗanya kuwa kanwarku ɗan jiƙo ce kawai don yauƙi, ba irin wadda ake tulawa har miya ta yi ɗanɗanon sabulu ta kuma ɓata wa mutum ciki ba. Taushe ita ce ta fi saurin lalacewa saboda gyaɗa da kabewa, da rana ta yi mata yawa sai ta fara kumfa da tsami, shi ya sa muka fahimci dalilin da ya sa kuke yin ta kaɗan. Mun kuma lura ana baza gyaɗar a faifai ana cire wadda ta yi funfuna kafin a kai niƙa. Wannan funfunar ita ke ɗauke da gubar da ke lahanta hanta, kuma ita ma wuta ba ta kashe ta.

Nama da safe yake zuwa daga mayankar Zango ta Tudun Wada, a ranar ake dafa shi. Lokaci kuke ba shi ya yi laushi. Hukumomin lafiya sun sha jan kunnen masu jefa farasitamol a tukunya don nama ya yi saurin dahuwa, kuma NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta taɓa gargaɗi a kan fatun da aka tanada don jima amma suke ɓullowa kasuwa da sunan ganda. Gandarku ba ta warin taya, an kankare ta, an tafasa an zubar da ruwan farko. Kayan ciki ma haka, ana juya hanji a wanke shi a wani baho daban, nesa da inda ake yanka kabeji da latas. Katakon yanka nama daban, na ganye daban, wuƙa ma kowanne da tasa. Ƙaramin abu ne a ido, amma salak ba ya hawa wuta, duk abin da wuƙar nama ta shafa masa kai tsaye cikin mai ci zai tafi.

Waken da kuke sa wa a garau-garau da alala ba ya warin magani. Masu sayayya sun san wannan damuwar, tunda maganin ƙwarin da ake zuba wa wake a ajiya shi ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya a 2015. Tumatir kuma, idan damina ta kama ya yi tsada a kasuwar Bakin Dogo, ba kwa komawa ga fasasshen da ake tarawa a gefe ana karyar da shi. Busasshe kuke jiƙawa ku haɗa da tattasai da albasa mai yawa, ku tafasa markaɗen har ruwan ya ƙone kafin a soya, shi ya sa jar miyarku ba ta tsami ba ta kuma tsatstsafo da ruwa a gefen faranti. Mutanen jihar nan ba su manta 2016 ba, shekarar da tsutsar tumatir ta cinye gonaki har gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Mai abincin da ya iya sarrafa busasshe irin wannan shekara ba ta rufe masa shago.

Masar safe ma a yaba. Ƙullin yana tashi daidai, ba ya zarcewa ya yi tsamin da sai an danne shi da sukari, tandar kuma ana barin ta ta yi zafi kafin a zuba, don haka bayanta ja, cikinta fari mai huhu, ba ɗanye ba. Man suyar kaza da kifi idan ya fara duhu yana kumfa kuna sauke shi, ba a yi masa ciko da sabo.

Sai wajen wanke-wanke, inda yawancin masu ci ba sa leƙawa. Baho uku ne: na kumfa, na ɗauraya ta farko, na ɗauraya ta biyu, kuma kafin kwano ya shiga na farko an riga an share ragowar abincin cikin bokiti mai murfi. Ruwan ana sauya shi da zarar ya yi maiƙo. Kwanuka a kwando ake kife su su tsane, ba a goge su da tsumma, domin tsumma ɗaya mai danshi yana iya mayar da dattin da aka wanke a kan faranti ɗari. A bakin ƙofa akwai bokiti mai famfo da sabulu, kowa ruwa mai gudu yake wanke hannu da shi, an daina kwanon nan guda da mutum goma ke tsoma hannu a ciki. A lokacin hunturu, da ƙura ke tashi daga titi, komai a rufe yake, har yaji da cokula. Kunun aya cikin ƙanƙara yake zama, kuma ranar da babu wuta ƙanƙara ta yi wuya ba kwa yin sa, zoɓo kawai ake samu, saboda kunun aya sa'o'i kaɗan yake ɗauka a zafi ya juya.

Muna miƙa gaisuwa ta musamman ga 'yan matan da ke zuba abinci da samarin da ke kai wa teburi. Tsakanin ƙarfe ɗaya da rabi zuwa uku wurin cika yake, ga 'yan kasuwa, ga masu keke-napep, ga 'yan aike daga ofisoshi kowa da kulolinsa, ranar Juma'a kuma bayan an sauko masallaci abin ya ninka. Amma bi da bi ake sallamar mutane. Mai babbar riga ba ya tsallake ɗan dako, kuma wanda ya ce a zuba masa ba nama ba a canza masa fuska. "Baba, me za a kawo?" "Yaya, a ƙara miya?" Haka ake ji. Mai karɓar kuɗi daban yake, ba ya taɓa abinci, mai zuba abinci kuma ba ta taɓa kuɗi. Idan an tura kuɗi ta waya saƙo bai shigo ba, ana rubuta sunan mutum a littafi a bar shi ya koma bakin aikinsa, ba a tsare shi a gaban jama'a. Wannan ya yi wa mutane rana ƙwarai a farkon 2023, lokacin da takardun kuɗi suka yi ƙaranci bayan sauya fasalin naira. Labulen da kuka sa aka ware wa mata teburi biyu shi ma ya sa da yawa da a da sai dai su saya su tafi yanzu suna zama su ci a natse.

Roƙo biyu muke da shi, Hajiya, kuma na masu ƙauna ne. Na farko, tuwon da ake ƙulla wa masu tafiya da shi a farar leda da zafinsa, da za a samu hali a koma sa shi a roba mai murfi ko a ƙarfafa wa mutane zuwa da kularsu, ko da za a ɗan ƙara kuɗin robar, da yawanmu za mu biya. Na biyu, kwatar da ke bayan madafa tana so a sa mata raga a bakinta kafin damina ta kankama, saboda ƙwayar shinkafa da maiƙo su ke toshe ta, in ta toshe kuma ƙuda da ɓeraye ke samun wurin zama. Mun san gyaran kwatar layin ba naku ba ne ku kaɗai, kuma waɗanda ke da shaguna a layin daga cikinmu sun ce a shirye suke a haɗa hannu.

Allah ya ƙara wa kasuwa albarka, ya tsare ku daga gobara da asara, ya ba ma'aikatanku lafiya da ladan hidimar da suke yi. A gaishe mana da masu tuƙin tuwo da masu wanke-wanke, waɗanda ba ma ganin fuskarsu sai aikinsu.

Wassalam,

Naku,
Wasu daga cikin masu cin abinci a wurinku,
Kaduna.